Wa Ke Ƙwanƙwasa Cikin Motar Yaya?

Ni dai karatuna na boko bai wuce aji uku na elemantare ba, da ɗan guntun na huɗu, kafin mahaifina ya duba ya ga tiyar awon hatsi za ta fi alli yi mini rana. Saboda haka wanda ya zo neman ilmin inji a wannan rubutu ya yi haƙuri, ya ɓata hanya. Amma akwai mota guda a duniya da na yi wa karatu mai zurfi har na zama shehi a kanta, ita ce wadda na gada daga yayana, Allah ya jiƙansa.

Tsohuwa ce ƙirar Faransa, irin mai doguwar kujerar gaba wadda mutum uku za su zauna ba wanda ya taka rigar wani. Da can fara ce. Yanzu launinta ya koma na kunun gyaɗa, kuma ni ban ga laifin kunun gyaɗa ba. Yaya ya saye ta lokacin da cinikin hatsi ke yi da shi a kasuwar Gusau, ya ci zamaninsa da ita. Da ya rasu aka zo rabon gado, duk sanda aka ambace ta sai kowa ya kama kallon rufin ɗaki. Na ce a ba ni. Tun daga ranar take kwana a rumfar kwano a ƙofar gidana da ke Tudun Wada. Ran Juma'a in kai ta masallaci, in an yi biki ko rasuwa a cikin gari in fito da ita, 'yan kabu-kabu suna wuce ni suna ihu, "Baba, a hankali, kar ka tashi sama!" Ni kuwa in ɗaga musu hannu kamar mai yaƙin neman zaɓe.

A daminar bara waccan ta kwanta ciwo. In na tada ta da safe, musamman in an kwana ana ruwa, sai duk jikinta ya ɗauki rawa kamar mai masassara, sitiyari na kaɗawa a hannuna, salansa na tari fut, fut, ga warin ɗanyen fetur. In na taka totur sai ta shaƙe, ta yi kamar za ta ɗauke, sannan ta yunƙura. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni wata ƙara ce daga can ƙasan inji, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana koɗa dutsen niƙa a gidan maƙwabta. In rana ta ɗaga, inji ya yi zafi sosai, sai rawar ta lafa, mai koɗar ma ya tafi hutu. Washegari kuma a dawo.

Babban ɗana, ɗan fari, wanda ko a takarda kunya ba za ta bar ni in rubuta sunansa ba, ma'aikacin gwamnati ne kuma mutum ne mai son komai a kan tsari. Ya ji ƙarar wata safiya da ya zo gaishe mu, sai ga shi da bakaniken da ke duba masa tasa motar. Saurayi ne mai ladabi. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sunkuya ya saurara, ya ɗago yana goge hannu.

"Baba, gaskiya ƙarar nan ba ta yi mini daɗi ba. In daga ciki ne, sai an sauke inji an buɗe kafin a sani. Kayan irin wannan kuwa, ko a Kano sai an sha yawo."

Ban ga laifinsa ba, abin da kunnensa ya ji ya faɗa. Amma ana cikin haka sai jikata da ke aure a Bungudu ta haihu, na sami tattaɓa-kunne, bakina kuma ya riga hankalina, na ce a gaban kowa da motar Yaya zan je suna. Da yamma ɗana ya dawo shi kaɗai, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa kusa da tabarmata. Duk ranar da ya zauna haka na san hukunci ya zo da shi a naɗe cikin ladabi.

"Baba, ka san yadda hanya take yanzu. Ba lokacin da mota za ta tsaya da mutum a daji ba ne, ga ka da Inna a ciki. Ni ba zan iya barci ba in kana hawan abin nan. Na yi magana da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe."

"Da wa?"

"Magana ce kawai, Baba."

Ashe ba magana ce kawai ba, don washegari wani ƙato ya zo ya zagaya ta, yana ƙwanƙwasa ƙofofinta da ɗan yatsa, yana mata kallon da mahauci ke yi wa sa. A gabana ya ce ƙarfenta na da kauri, irin na da. Wai yabo ke nan. Na ji kamar an ce naman Yaya zai yi daɗin kilishi.

Muka yi sharaɗi da ɗana. In har ranar suna ta zo tana rawa tana ƙwanƙwasa, 'yan gwangwan su zo da gudumarsu, ba zan ce uffan ba. Amma kafin nan a bar ni in kira nawa likitan. Ya ce ya yarda. Na ga a idonsa ya ɗauka wani mai tofi zan kira.

Likitana yana Tsafe. Taubashina ne, ɗan goggona, wanda ya ja wa Yaya wannan mota tun tana warin sabunta har gwiwa ta hana shi taka kuloci. Kunnensa na hagu ya daɗe da yin ritaya, na dama kuwa yana jin abin da ma ba a faɗa ba. Tunda ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, bawana ne a al'ada, kuma ban taɓa barin ya manta ba. Na hau bas da hantsi, na same shi a bakin titi ƙarƙashin wata bishiyar bedi, yana taya ɗansa gadin tulin albasa da ido ɗaya a rufe.

"Bawana, tashi, ubangidanka ya iso."

Bai ko buɗe ɗayan idon ba. "Wane ubangida? Wanda ko akuya bai iya ɗaurewa? Mi yak kawo ka Tsafe da ranag ga, ko Hajiya ta gaji ta kore ka?"

"Motar Yaya ce ba lafiya. 'Yan gwangwan sun zo sun gan ta."

Sai ya buɗe ido duka biyu. Bai ƙara tambaya ba, ya lalubo takalmansa da ƙafa, ya ce wa ɗansa a gaya wa mutanen gida ya tafi Gusau duba mara lafiya.

A cikin bas ya fara aikinsa. Ya juyo mini kunnen dama ya ce in yi masa ƙarar da bakina. Na ce a gaban jama'a? Ya ce likita ba ya jiran a watse. Haka na zauna da furfurata ina "ƙwas, ƙwas, fut, ƙwas," ina kaɗa kafaɗa don ya ga irin rawar. Kafin mu kai dutsen Kwatarkwashi duk bas ta shiga maganar. Direba ya ce inji ne ya buga, a yi mata addu'a kawai. Wani mai buhun barkono ya ce ruwa ne a fetur. Wata tsohuwa da kaji a cinya ta ce, "Malam, wannan ai tarin sanyi ne, ka ba ta zuma da citta." Taubashina bai kula kowa ba. Tambaya biyu ya yi mini: da safe ta fi yi ko da rana, kuma in na taka totur ƙarar na bin inji ta yi sauri ko tana nan yadda take. Na ce da safe, kuma ƙarar ba ta da tsari, ta ga dama ta yi ta ga dama ta tsallake. Ya ce, "Uhm," ya ɓare goro. Wannan uhm ɗin na riƙe shi a zuciya har Gusau kamar an ba ni kujerar Makka.

Ya kwana a zaurena. Allah ya taimake mu aka yi ruwa kafin asuba, gari ya waye a jiƙe, rumfar ma tana ɗiga a kan bonet don kwanonta ya fara yoyo a wannan shekarar. Na tada mota, ta kuwa yi mana wasanta gaba ɗaya ba ta rage komai ba. Taubashina ya ɗaga bonet ya tsaya da hannu a baya, ya hana ni taɓa ko da waya. Can ya ce, "A kawo muciya."

"Wace muciya?"

"Ta tuwo. Kana da wata ta shayi ne?"

Na leƙa cikin gida na isar da saƙo. Hajiya ta fito har bakin zaure da mayafi, ta dube shi ta dube ni.

"Muciyata? A kan baƙin mai? Malam, ku biyun nan in kun haɗu hankali na barin unguwa."

"Hajiya, likita ne ya rubuta."

"Likitan albasa? To wallahi in ta taɓa wancan ƙazamin ƙarfen, ta zama taku, da ita za a tuƙa muku na dare."

Ta dai kawo wata tsohuwa da bakinta ya cinye, kuma ba ta koma ciki ba, ta jingina da ƙofa tana jiran ta ga ƙarshen hauka. Taubashina ya ɗora bakin muciya a kan murfin inji, ya manna ƙotar a kunnensa na dama, ya lumshe ido. Ya ɗaga ya sa a gefe. Ya ɗaga ya zura ta can ƙasa kusa da inda baƙin mai ke taruwa, yana kaffa-kaffa da fanka. Ya daɗe a nan. Sannan ya miƙo mini.

"Saurara. In ciwon na ciki ne, za ka ji kamar ana daka a turmi can ƙasa, dum, dum, kuma shina bin inji ƙafa da ƙafa."

Na sa kunne. Jama'a, ban taɓa sanin haka cikin inji yake ba. Na yi shekara da shekaru ina zaune a bayansa, ashe gari ne guda a ciki. Sama-sama wasu ƙananan abubuwa na cik-cik-cik kamar layin teloli ana gobe Sallah, ƙasa kuma wani gurnani mai laushi yana juyawa, sai dai lokaci-lokaci ya yi tuntuɓe kamar mai ɗingishi. Na nemi turmi sama da ƙasa ban ji shi ba. Da na cire muciya daga kunne sai ga ƙwas, ƙwas a fili. Na mayar, ta yi nisa. Na cire, ta dawo.

"Ka ji?" in ji shi. "Mai ƙwanƙwasar nan ba cikin ɗaki yake ba. A waje yake tsaye."

Ban san sanda na ɗaga muciya sama na yi juyi biyu a cikin taɓo ba. Hajiya ta ce, "Inna lillahi, ga shi nan ya fara." Na ce mata inji bai buga ba, Hajiya, bai buga ba! Ta ce to Allah ya sa kai ma haka.

Saura rawar jiki. Injin tukwane huɗu gare shi, kowace da fuloginta, kowane fulogi da wayar da ke kai masa wuta. Taubashina ya ce za a cire wayoyin ɗaya bayan ɗaya inji na aiki. Wadda aka cire inji ya ƙara rikicewa, tukunyarta na da rai. Wadda aka cire bai ko kula ba, ita ce ke barci a bakin aiki.

"To cire," na ce.

"Kai za ka cire. Kai ne mai boko."

Na naɗe hannu da tsumma na ja ta farko. Inji ya durƙusa kamar zai mutu, na mayar da sauri. Ta biyu ma haka. Na kama ta uku ke nan sai na ji wani abu ya shige ni ta yatsa ya fita ta haƙorin da ya rage mini na turmi. Na yi tsalle na ambaci sunan Allah da ƙarfin da ban yi ba tun ina saurayi, hulata ta faɗa cikin ruwa. Bawan nan kuwa ya riƙe ciki yana dariya har da hawaye.

"Dama ka san za ta ja ni!"

"Na yi zato. To ka ga, da ni ta ja wa zai duba maka mota? Dubi inji, dubi inji!"

Na duba. Wayar ta uku na lilo a sake, inji kuwa yana rawarsa yadda yake yi, bai san an cire komai ba. Mun kama mai barci.

Muka kashe, ya kwance fulogi na uku. Baƙi ƙirin, jiƙe da fetur. Ni har na fara murna na ce fulogi ne, a sayo sabo a huta. Ya ce in bar gaggawa, fulogi na iya baƙi don laifin wani. Ya goge shi, ya musanya shi da na farko, muka sake tadawa. Wannan karon da busasshen itace na ture wayoyin, don an ce in maciji ya sari mutum ko tsumma ya gani sai ya gudu. Tukunya ta farko lafiya lau da fulogin da muke zargi, ta uku na nan tana barcinta da fulogi mai kyau. Ashe wutar ce ba ta isowa, tana zubewa a hanya.

Nan ya yi abin da na fi so a duk ranar. Ya ɗauki butar alwalata, ya cika baki da ruwa, ya fesa a kan wayoyin kamar mai guga yana yayyafa wa shadda. Nan take inji ya ƙara rikicewa, muka ji tas, tas, tas, kuma can ƙasa, a lungun da wayar ta uku ke bi ta ƙarƙashin tukunyar da ke tace iska, na hango wani ɗan shuɗin haske yana tsalle. Na yi ihu, "Ga ta can! Ga ɓarauniyar!" Maƙwabcina da ke wucewa ya tsaya ya ce wa aka kama, na ce wuta.

Muka kashe mota, muka kwance tukunyar iska muka ajiye gefe. Lungun da ban taɓa gani ba tun da na gaji motar ya bayyana, cike da daskararren mai da ƙasa. A ciki wani abu na rataye, bai fi babban yatsa ba, baƙi kamar gawayi. Na taɓa shi da muciya, ya yi lilo ya bugi gefen inji. Ƙwas.

Muka dubi juna. Na sake turawa. Ƙwas.

Taubashina ya zura hannu ya murje shi da tsumma. Ɗan ƙaramin ƙaho ne, an toshe bakinsa an ɗinke da fata, an rataye da tsirkiyar fata a jikin wani ƙarfe. Da can a ɗaure yake tam. Shekaru suka sassauta tsirkiyar, ta zamo ta hau kan wayar ta uku tana gurzarta a hankali har ta cinye robar. Da rani fatar a bushe take, wuta na wucewa abinta. Da damina ta sha laima, ga yoyon rumfa, sai wuta ta bi fata ta zube a jikin ƙarfe. Tukunya ɗaya ta mutu, inji ya kama rawa, rawar ta kaɗa ƙaho, ƙaho ya bugi inji. Duk tashin hankalin nan daga nan yake.

Na buɗe baki zan yi tsiya, sai na ga bawana yana shafa ƙahon da yatsa.

"Ashe shina nan," ya ce a hankali. "Marigayi da hannunshi ya ɗaura, satin da anka kawo motar. Ni ir riƙe mishi bonet. Ya ce maganin haɗari ne, kar in gaya ma kowa. Wallahi na manta da shi sarai."

Hajiya ta matso ta leƙa. "A'uzu billahi. Malam, kawo wuƙa a yanke a jefar. Allah ke tsare bawa, ba ƙahon akuya ba. Ga shi ma maimakon tsari shi ya kusa kai ta gwangwan."

"Ba a sa ma wanga wuƙa ina tsaye," in ji shi. "Na ja motag ga Funtuwa, na ja ta Sakkwato, ko kaza ban taɓa takewa ba."

"Don kana tafiya kamar hawainiya ne."

Suka sa ni a tsakiya, kowa na jiran fatawa. Ni a raina ina tare da Hajiya, na san mai tsarewa. Har na laluba aljihu zan ciro 'yar wuƙar goro, sai idona ya faɗa kan ƙullin. Na san ƙullin nan. Shi ne wanda Yaya ke yi wa bakin buhu, ya zagaya sau biyu ya sako bakin igiya ta ƙasa, wanda ya yi ta koya mini a rumfar kasuwa yana dungure mini kai don na kasa. Duk abin da ya bari an raba, an sayar, an canja, gidansa ma an rushe an yi shaguna. Wannan ƙullin kaɗai ya rage yadda yatsunsa suka bar shi. Na bar wuƙa a aljihu.

Na gyara murya na ce, bisa binciken da na yi a manyan littattafai, abin da aka ƙulla kwance shi ake yi. Hajiya ta ce waɗanne littattafai, na ce ba a fassara su ba tukuna. Aka kawo man gyaɗa muka ɗiga wa ƙullin ya yi laushi, na ɗauko tsohuwar basillata ta ɗinkin buhu. Na daɗe a sunkuye, bayana na kuka, ina zura basilla ina bin hanyar da igiyar ta bi da baya. Abin da na kasa ƙullawa ina yaro, sai ga shi na kwance da furfura. Da ya saki, taubashina ya karɓe ƙahon ya jefa a aljihun gaba, bai nemi izinin kowa ba.

Wayar kuwa ta cinye har ana ganin cikinta. Na hau kabu-kabu na kai wa saurayin bakaniken nan a garejinsa. Ya juya ta, ya ji labari, ya yi dariya har ya zauna a kan taya. Ya ce alhamdu lillahi da ba a kai ga sauke inji ba. Ya yanko sabuwa daidai tsawonta, ya rufe gareji ya biyo ni da kansa wai sai ya ji da kunnensa. Shi ya ɗaura, ya mayar da tukunyar iska, ya ce in tada.

Na murɗa makulli. Ta tashi shiru, santsi, kamar kyanwa a cinya. Taubashina ya sake fesa ruwa, ko gezau. Ya ciro ɓarin goro ya ɗora a kan tukunyar iska, muka zuba masa ido mu uku, goron nan bai motsa ba. Na rungume bakanike, na rungume bawana, na juya wajen Hajiya ta ce in tsaya nan inda nake da wannan baƙin hannun.

Da ɗana ya zo da yamma na tada masa ita ina washe baki. Ya saurara ya ce, "Baba, ai da yamma dama ba ta yi. Sai na ji ta da safe, kuma a kan hanya." Na so in ji haushi, amma gaskiyarsa ce, kuma a wajena ya gaji taurin kai.

Ranar suna gari ya waye da yayyafi, daidai irin safiyar da take tsiyarta. Ɗana ya bar motarsa a ƙofar gida ya shigo gaba kusa da ni, ya sauke gilashi don kar wata ƙara ta ɓuya masa. Hajiya da taubashina suna baya da ƙullin kayan barka a tsakaninsu. Ta ce ba za ta zauna mota ɗaya da ƙaho ba, ya ce ƙaho ba a mota yake ba, a aljihunsa yake, aljihu kuwa nasa ne. Ta ja carbi ta juya fuska waje.

Bugu ɗaya ta tashi. Muka fita gari muka kama hanyar Sakkwato, gero da dawa kore shar dama da hagu, ruwa kwance a gefen titi. Na taka totur ta amsa ba shaƙewa. Na ƙara, ta ƙara. Har wata motar itace na wuce, abin da rabona da yi tun Yaya na da rai, na danna mata ham don ta san an wuce ta. Ina satar kallon ɗana, fuskarsa ta fara saki.

Sai kawai, ƙwas.

Na kasa kunne. Ƙwas, ƙwas. Ɗana ya gyara zama ya karkata kai. Na ɗaga ƙafa daga totur, ƙarar ta tsaya. Na taka, ta dawo. Na ga ƙaton nan da gudumarsa a gaban idona ƙiri-ƙiri. Na fara neman inda zan raɓe.

"Malam, ja motarka," in ji Hajiya daga baya. "Ga shi nan, wannan tsohon banzan ne ke buga ƙofa da zobensa. Tun ɗazu nake kallonsa."

Bawan nan ya fashe da dariya har yana tari. "Ina gwada kunnen ɗanka ne! Ashe yana ji."

Na rantse sai na sauke shi a nan ya ƙarasa Bungudu a ƙafa. Ɗana, wanda ba ya dariya a gabana, ya juya fuska waje kafaɗunsa na rawa. Daga nan har muka shiga gari ba abin da muka ƙara ji sai kukan taya a kan jiƙaƙƙen titi.

Muka iske an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ana raba goro da dabino. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka kawo mini yarinya na riƙe, jawur da ita, tana barci ba ruwanta da abin da muka sha. Ina zaune na hango ɗana ya koma gefe da waya a kunne. Ban ji duka ba, amma na ji inda ya ce, "A'a, a bar maganar. Ba ta sayarwa ba ce." Na yi kamar ban ji ba, na ƙara ɗaukar dabino.

Da azahar muka yi sallama, don mu koma da rana tsaka hanya na da mutane. Na nufi ƙofar direba sai ya sha gabana, ya ɗan rusuna.

"Baba, ka gaji. Kawo in ja mu."

Na miƙa masa makulli ba musu, na zagaya na zauna a inda ya zauna ɗazu. Ya tada ta, ya taka kuloci, ya kai hannu ƙasa gaban kujera yana lalube. Babu komai a wurin sai ledar dabinon Hajiya. Ya sake lalubawa.

"Baba, ina giyar?"

"A wuyan sitiyari take, ɗan boko," in ji taubashina, ya riga ya zamo gaba ya rataya haɓa a kan kujera. "Ja ta wajenka. A hankali, ba rijiya kake ja ba. Yauwa. To saki ƙafa kaɗan-kaɗan."

Ya saki da yawa, ta yi tsalle ta mutu a gaban duk 'yan suna. Na ce kar ya damu, ya sake, kowa da haka ya fara.